Alƙalamin fenti na shagunan kayan mota: me yake iya yi wa karce mai zurfi?

Kusan duk shagon kayan ƙawata mota da ka shiga a Jidda ko Makka za ka tarar da shi rataye kusa da mai karɓar kuɗi, ɗan alƙalamin nan da aka ce yana ɓatar da karce. Kuɗinsa 'yan riyaloli ne, shi ya sa 'yan'uwanmu direbobin gida ke yawan saye, musamman wanda ba ya so kafili, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya ga tabo a jikin mota. Yana da amfani, amma ba amfanin da ake tallarsa da shi ba. Aikinsa ya rufe ƙarfe kada tsatsa ta shiga, ya kuma rage hasken tabon daga nesa. Wanda ya saye shi da niyyar karcen ya ɓace ɗungurungum zai yi baƙin ciki.

Kafin ka saya, gane zurfin karcen. Fentin mota hawa-hawa ne: ƙarfe, sai faraima, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfen, sai launi, sai ruwan sheƙi na sama wanda masu boya, wato masu fenti, a Sana'iyya, unguwar garejoji, ke kira lakar. Dukansu a haɗe, ban da ƙarfen, daga kamfani, galibi tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150, wato kamar kaurin takarda. Zuba wa wurin ruwa. In karcen ya ɓace yana jiƙe, a lakar ya tsaya, man gogewa irin na 3M ko Meguiar's ya wadatar, ba ruwanka da alƙalami. In kuwa ka ja farce a kai ya maƙale, karcen ya yi zurfi; in ka ga toka-toka a ciki, ya kai faraima. In ka ga ƙarfe na ƙyalli, kada ka jinkirta, domin iskar Jidda da danshinta da gishirin teku ba sa ɗaukar lokaci kafin su sa wurin ya yi tsatsa.

Alƙaluman iri biyu ne. Wanda babu launi a cikinsa lakar ce zalla, kuma a kan karce mai zurfi asarar kuɗi ce: zai bar maka layi mai tudu, tokar faraima na leƙowa ta ƙarƙashinsa. Mai launin ya fi, sai dai matsalarsa launin kansa. An rubuta "fari" a jiki, alhali farin mota ya kasu da yawa. A Toyota, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, lambar launi na gaban haruffan C/TR. Lamba 040 fari ne zalla, 070 kuwa farin lu'ulu'u ne mai hawa uku, kuma alƙalami guda ba zai taɓa kama shi daidai ba. Ruwan azurfa, irin 1F7, shi ma yana da wuyar sha'ani, saboda ƙananan ɓurɓushin alminiyon da ke cikinsa ba sa kwanciya da burushi yadda suke kwanciya da feshi, sai wurin ya fito da duhu. Saboda haka shawarata, ɗauki lambar ka je shagon da ke haɗa boya, su zuba maka a ƙaramar kwalba, ka haɗa da 'yar faraima da lakar. Hakan ya fi alƙalamin da aka haɗa da ka nesa ba kusa ba. Launi zalla, irin su baƙi da farin 040, alƙalamin ya fi kusantowa.

Bakin alƙalamin ma ya yi faɗi, yana zubo da fenti fiye da kima. Matso ɗigo a kan murfin kwalba, ka ɗiba da tsinken sakace.

Ga yadda aikin ke tafiya. Wanke wurin da sabulu, ka goge da sibirto, wato sifirit, don cire maiƙo da kakin goge mota, in ba haka ba fentin zai riƙa tsinkewa yana barin ramuka kamar idon kifi. In akwai tsatsa, ninka samfefa mai lamba 400 ka kankare cikin layin kaɗai har ƙarfe ya yi fari. Tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa, tana ci ta ƙasa, bayan 'yan watanni fentin ya kumbura. Sa faraima siririya a inda ƙarfe ya fito, ka ba ta kamar rabin awa. Sai launi, shafi biyu ko uku, siri-siri, da minti 15 zuwa 20 a tsakani. Kada launin ya cika ramin, bar wa lakar wuri. Ita lakar a sa ta har ta ɗan yi tudu a kan fentin da ke kewaye, domin tana janyewa in ta bushe.

A nan mafi yawan mutane ke ɓata aikinsu da gaggawa. Bar shi aƙalla kwana biyu, mako guda ya fi. Sannan ka jiƙa samfefa 2000 a ruwa, ka naɗe ta a jikin ɗan abu mai lebur kamar magogin fensir, ka riƙa shafawa a hankali kana tsayawa kana dubawa. Da yatsa kaɗai ba a yi, yatsa na bin gefen tudun ya ci lakar ta asali ya bar tudun a tsaye. Da zarar ya daidaita, bi da 3000, ka ƙare da man gogewa. A kusa da gefen ƙofa ko kan lanƙwasa lakar ta fi siranta, shafa kaɗan ya isa ya huda ta, kuma in ta huje sai feshi.

Yanayin ƙasar nan na da hannu sosai a sakamakon. Fenti ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba. Motar da ta wuni a ranar Makka jikinta ko taɓuwa ba ya yi, ɗigon zai bushe ta sama cikin daƙiƙoƙi, tina, wato ruwan tsinka fenti, ta maƙale a ciki, daga baya ta ɓullo da ƙuraje. A yi aikin bayan asuba, a inuwa, ranar da ba a ƙura. A Jidda a guji daren da danshi ya yi nauyi, lakar na yin hazo-hazo.

Akwai inda alƙalami da kwalba duk ba su da ta cewa: karcen da ya fi tafin hannu faɗi, ko wanda ya zo da loɓawa. Wannan aikin mai samkara ne, wato mai gyaran jikin mota, da ma'ajun na cike loɓa da feshi. Ka tambaye shi ko yana da ɗakin gasa fenti, ko a fili yake feshi ƙura na sauka. Ka kuma tanadi izinin gyara, ana fitar da shi ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, gareji da yawa ba sa taɓa jikin mota ba tare da shi ba. Amma kada ka yi saurin yarda a feshe ƙofa sukutum saboda siririn layi guda. A kasuwar motocin Saudiyya mai saye na kai mota fahas, wato wurin duba lafiyar mota, a ɗora na'urar auna kaurin fenti, kuma ƙofar da aka fesa ba ta ɓuya, nan take a rage farashi. Layin da aka cike da tsinke ya bar sauran ƙofar da fentinta na kamfani.

Bayan an gama, kada a sa wa wurin kaki ko a kusanto shi da bakin injin wanki har wata guda. Ragowar fentin kuma a ajiye shi a ɗaki, in aka bar shi a aljihun mota zafi zai daskarar da shi kafin a sake buƙatarsa.