Littafin yaron da aka kayar a kokowa

Ɗan siririn littafi ne mai hotuna, bangonsa ruwan ɗorawa. Jika biyu da rabi na saye shi wajen wani mai kayan lakwal a Babbar Kasuwa, saboda ɗana mai shekara 7 da ba ya iya haɗiye faɗuwa, ko a langa ne. Kowane shafi Hausa a sama, Faransanci a ƙasa. Labarin wani yaro ne da ya shiga kokowar yaran unguwa bayan girbi, aka kai shi ƙasa tun karon farko.

Abin da ya kama mini zuciya shi ne ba a yi wa yara ƙarya ba. Na sha ganin littattafan da za su ce wa yaro shiga wasa ya fi cin wasa, amma a shafin ƙarshe sai ka tarar an miƙa masa kyauta ta bayan fage. Nan babu wannan. Yaron ya faɗi, ya yi kuka sosai, ga rairayi a bayansa har cikin gashin kai. Wanda ya kayar da shi ya miƙo hannu ya tashe shi, kakarsa ta kakkaɓe masa jiki ba ta ce uffan ba, washegari kuma ya koma fili. Har labarin ya ƙare bai kayar da kowa ba.

Mu Maradawa mun san wannan. Tun 1975 da Kantu, ɗan kokowarmu, ya ɗauko takobin farko na gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tahoua, har filin kokowarmu ke amsa sunansa, takobi ɗaya ake bayarwa. Yanzu jihohi 8 ke turo 'yan kokowa goma-goma, mutum 80, sauran 79 duk ba takobi suke komawa gida, kuma ba a fasa yi musu kirari ba. Da na faɗa wa ɗana haka sai ya ce, "Inna, su ma suna kuka?" Na ce wasu suna yi, a gaban dubban mutane, kuma baɗi su dawo.

Inda raina bai so ba, mai zanen bai sa makaɗi ko ɗaya a filin ba. Kokowa ba ganga? Ko yaran sun lura. Takardar ma ba ta da kauri, ƙarfe biyu kawai ke riƙe da ita, shafin tsakiya ya fara fita. Ga kuɗin ya yi nauyi ga mai 'ya'ya da yawa.

Duk da haka zan sake saye, don ɗiyar ƙanwata. Ya dace da yara daga shekara 5 zuwa 8. In kun saya ku sa wa bangon leda, ku bi tsakiyar da zare da allura kafin ku ba su.