Naman Shanu ko Man Mota: Wanne Ya Fi Ɗumama Mana Gari?

Magidanci a Kaduna yakan kashe kuɗi a wurare biyu kusan kullum, wato wurin mahauci da gidan mai. Duka biyun suna da hannu a hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma mai saye yana iya auna su da ma'auni ɗaya kafin ya zaro kuɗinsa.

Lissafin mota a bayyane yake. Kowace lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. Ƙaramar motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta saki kusan kilo 15 daga Kaduna zuwa Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka.

Na saniya ne ba a gani da ido. Tumbinta yana narka ciyawa, tana gyatsar iskar metan, wadda ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 28 a tsawon shekara 100. A 2018 Joseph Poore na Jami'ar Oxford da Thomas Nemecek suka tattara bayanan gonaki kusan 38,700 a ƙasashe 119. Matsakaicin abin da suka samu shi ne kilo ɗaya na naman shanun da aka kiwata don yanka kawai yana jawo kwatankwacin kilo 60 na kabon. Wannan daidai yake da ƙona lita 26 ta fetur, wato zuwa Zariya da dawowa har sau biyu. Naman rago kilo 24 ne, kaza kilo 6, wanda bai kai rabin hanyar Zariya ba. Wake da awara kuwa ba su wuce kilo 1 zuwa 3 ba.

Amma kada a ɗauki wannan 60 ɗin a ɗora wa Bafulatani kai tsaye. Da yawa daga cikin shanun da ake kaiwa mayankar Zangon Tudun Wada, irin su Bunaji, sun yi shekaru ana tatsar nononsu, wasu bijiman ma sun ja garma, kashinsu ya zama taki a gonakin masara. Binciken na su Poore ma ya nuna naman da ya fito daga garken nono yana tsayawa wajen kilo 21, domin nonon ya ɗauki kasonsa. Inda muke da rauni shi ne jinkirin girma: saniyar da ta rame da rani sai ta daɗe kafin ta isa yanka, kuma duk tsawon lokacin tana gyatsa. Ko da wane lissafi aka bi dai, naman shanu yana gaban kaza da nisa.

To me ya kamata mai saye ya fara taɓawa? A ganina motar ce, idan yana da ita. Wanda ke ƙona lita 5 kullum shi kaɗai a mota, yana fama da cunkoso daga Kawo zuwa cikin gari, ya saki kusan kilo 80 a mako, gidaje da yawa kuwa ba sa cin kilo guda na naman shanu a mako. Idan ya ɗauki abokan aiki uku, kasonsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aljihu ma wannan shawarar yake bayarwa. Mai zuwa Abuja kuma yana da jirgin ƙasa a Rigasa.

Wanda ba shi da mota, nasa zaɓin yana kasuwa. Ba na cewa a daina cin nama, yaranmu da yawa ma ba sa samun wanda ya ishe su, layya kuma ibada ce. Amma a cefanen yau da gobe, idan aka mayar da rabin naman shanun kaza ko kifi, aka ƙara wake a tukunya, an rage abu mai yawa ba tare da miya ta lalace ba. A lura da kilishi, don nama yana raguwa sosai idan ya bushe, kilo ɗaya nasa ya cinye ɗanyen nama fiye da haka. Masu biki da suna su saya daidai yawan baƙinsu. Mai shiga watanda kuma ya tabbatar yana da hanyar soyawa ko busarwa kafin ya karɓi kasonsa, domin idan aka ɗauke wuta naman ya ruɓe a firji, an yi asarar kuɗin, hayaƙin kuma ya riga ya tashi.