FTP ko SFTP: wanne za ka zaɓa a n8n?

Malam, na ga tambayarka. Kana so n8n, manhajar da ke gudanar da ayyuka da kanta, ya riƙa ɗaukar fayil ɗin cinikin shagonka na Daura kowane dare ya ajiye a sabar, wato kwamfutar da ke ajiye fayil a intanet, kai kuma ka duba daga nan Katsina. Da ka zo shigar da bayanan shiga sai ka tarar da FTP da SFTP, hanyoyi biyu na tura fayil, kake tambaya ko duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

FTP tsoho ne, tun 1971 yake, ƙa'idar da ake bi yanzu kuma ta 1985 ce. Abu huɗu n8n zai nema: adireshin sabar, lambar ƙofa wadda yawanci 21 ce, suna da kalmar sirri. Sauƙinsa ke nan. Illarsa ita ce yana tura sunan da kalmar sirrin da fayil ɗin a fili, kamar ka ba direban motar Daura kuɗi a hannu ba ambulan, duk wanda ke cikin motar yana gani. Chrome da Firefox ma sun daina karɓarsa a 2021. Yana da wani halin kuma: hanya biyu yake buɗewa, ɗaya ta umarni, ɗaya ta fayil. Shi ya sa za ka ga shiga ta yi daidai, amma fayil ya ƙi tafiya, domin katangar tsaro ta toshe ta biyun.

SFTP a cikin SSH yake bi, wato rufaffiyar hanyar shiga sabar daga nesa, ƙofa 22, hanya ɗaya, komai a rufe. Za ka iya shiga da kalmar sirri ko da makulli, ni dai makulli nake ba da shawara tunda aikin da dare zai riƙa gudana ba mai kallo. Ka rubuta ssh-keygen -t ed25519 a kwamfutarka, zai ba ka fayil biyu. Mai .pub a ƙarshe shi za ka zuba a authorized_keys cikin .ssh na sabar. Ɗayan shi ne na sirri, shi ake liƙawa a n8n, gaba ɗayansa har da layin BEGIN na sama da END na ƙasa. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su kwafo tsakiya kawai. In makullinka na manhajar PuTTY ne mai .ppk, sai ka juya shi zuwa tsarin OpenSSH da PuTTYgen tukuna. In ka sa masa kalmar kariya, akwai gurbinta daban.

Kada ka rikita SFTP da FTPS, shi FTPS, FTP ne da aka lulluɓe da TLS, wani tsarin rufe bayanai.

Saboda haka in sabar ɗinka tana karɓar SSH, ɗauki SFTP. Ka tambayi masu sabar ɗin lambar ƙofa, wasu kan canza 22. In FTP kaɗai suke bayarwa, to, ka buɗe asusu na musamman da ba ya ganin komai sai jakar cinikin. Ko a SFTP ɗin ma kada ka yi amfani da root, wato asusun da ke da iko da komai a sabar.

Kafin ka taɓa n8n, gwada bayanan a FileZilla, manhajar tura fayil, a adireshi kuma ka rubuta sunan sabar zalla ba ftp:// a gaba. In a kwamfutarka kake gudanar da n8n ɗin, ka adana makullin da yake rufe bayanan shiga da shi, wato N8N_ENCRYPTION_KEY. Ya ɓace, sai ka sake shigar da duka daga farko.