Noctua, be quiet! ko Thermalright: wanne zai yi shiru a zafin Kaduna?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai aikin naɗar karatu da tace sauti a Unguwar Rimi ya kawo tambaya a zauren nan. Kwamfutarsa ta tebur tana da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, wadda ke yin zafi idan tana aiki) Intel Core i5-12400, kuma 'yar fankar da ta zo da ita a kwali tana ƙara har makirufo yana ɗauka. Ba ya son masanyayi mai ruwa, na iska yake so, kuma an ambata masa guda uku: Noctua NH-D15, da be quiet! Dark Rock Pro 4, da Thermalright Peerless Assassin 120 SE.

Malam, kafin a zo kan sunaye, yana da kyau a san daga inda shirun yake fitowa. Dukkan ukun ƙirarsu ɗaya ce: hasumiya biyu ta siraran faifayen alminiyam, waɗanda bututan jan ƙarfe suka ratsa. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iskar ciki. Idan furosesa ta yi zafi sai ruwan ya zama tururi ya hau sama, ya sauke zafinsa a kan faifayen, ya koma ruwa ya dawo ƙasa. Aikin fanka kawai shi ne ta kore zafin daga faifayen, saboda haka gwargwadon yawan faifayen da girman fankar, gwargwadon yadda za ta iya juyawa a hankali ta yi aikin. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin fankar sama ya san tana ba da iska mai yawa ba tare da hayaniyar 'yar ƙaramar fankar tebur ba. Masanyayin da Intel ke sakawa a kwali ƙarami ne, dole fankarsa ta yi gudu, gudun nan kuma shi ne ƙarar da ke shiga maka aiki.

NH-D15 na kamfanin Noctua ne na ƙasar Ostiriya, ya fito a 2014, kuma shekaru da dama da shi ake auna sauran. Yana da bututu 6 da fanka biyu masu faɗin milimita 140, iyakar gudunsu juyi 1,500 a minti. A cikin kwalinsa akwai 'yar waya da ke rage gudun zuwa 1,200, abin da ke sauke ƙarar daga desibel 24.6 zuwa 19.2 a ma'aunin kamfanin. Garantinsa shekara 6 ne, kuma an san Noctua da bai wa masu tsofaffin kayansa maƙalai na sababbin soket (mazaunin furosesa a allon kwamfuta), wato masanyayin zai iya bin ka zuwa kwamfuta ta gaba. Ni abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne irin sautin fankar: huci ne mai laushi, babu kaifi a ciki, kuma ga mai naɗar murya wannan ya fi lambar da ke jikin kwali muhimmanci. Amma fa ƙato ne. Tsayinsa milimita 165, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, fankar gaba kuma tana hawa kan RAM (sandunan ma'adanar da ke tsaye kusa da furosesa), idan RAM ɗin dogo ne sai an ɗaga ta sama, tsayin ya ƙaru. Lokacin da ya fito, kuɗinsa a kasuwannin waje wajen dala 100 ne, kafin kuɗin kawowa.

Dark Rock Pro 4 na Jamus ne, baƙi wuluk, mai bututu 7 da fanka biyu, ɗaya milimita 135 a tsakiya, ɗaya 120 a gaba. Kamfanin ya ce yana ɗaukar zafin wat 250, ƙararsa kuma desibel 24.3 a cikakken gudu. Yana da shiru ƙwarai, ya kuma fi kyan gani, sai dai ɗaura shi yana buƙatar haƙuri, har da dogon sukudireba ake haɗo shi saboda kusoshin suna can ƙasa tsakanin hasumiyoyin. Garantinsa shekara 3 ne, farashinsa kuma bai yi nisa da na Noctua ba, don haka ban ga abin da zai sa ka zaɓe shi ba sai idan launi ya dame ka.

Peerless Assassin 120 SE shi ne ya girgiza wannan kasuwa. Bututu 6, fanka biyu masu milimita 120, tsayi milimita 155, kuɗinsa kuma bai cika kai dala 40 ba. Idan aka sake shi a cikakken gudu, juyi 1,550 a minti, za ka ji shi fiye da Noctua, kuma fankokinsa ba su kai na Noctua inganci ba. To amma tambayar ita ce, yaushe furosesarka za ta tilasta masa wannan gudun? i5-12400 wat 65 ce a aikin yau da kullum, iyakarta 117 idan aiki ya yi nauyi. Wannan kaya ne mara nauyi ga hasumiya biyu, fankokin za su wuni a ƙasa da rabin gudunsu, a nan kuwa bambancin ukun ba abin da kunne zai kama ba ne. Da Core i9-13900K kake da ita, mai kaiwa wat 253, da maganar ta sauya. Kada kuma a jera lambobin desibel na kamfanonin nan a yanke hukunci da su, domin kowane kamfani da yadda yake yin awonsa. Ga wannan furosesa, Thermalright nake ba ka shawara, ragowar kuɗin kuma ka sayi fankokin akwatin kwamfuta masu kyau guda biyu.

Dalilin da ya sa na ce haka shi ne yanayin garinmu. Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a intanet a ɗakuna masu sanyi ake yin su, wajen digiri 22. A Kaduna kuwa, cikin watannin Maris da Afrilu, ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki yana iya haura digiri 33 da rana. Masanyayin iska ba ya iya sanyaya komai ƙasa da iskar da yake shaƙa, saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya ƙaru a kan furosesa, fanka kuma ta ƙara gudu. Idan akwatin a toshe yake ta gaba, iska mai zafi tana zagayawa a ciki, ko NH-D15 ka saka sai ya yi ƙara. Ana so fanka ɗaya ko biyu su shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya, a kuma raba akwatin da jikin bango.

Sai ƙurar hunturu. Wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a watan Janairu ya ga yadda jar ƙura ke yin shimfiɗa a fuskar faifayen, daidai bayan fankar, har ta toshe tsakaninsu. Hasumiya biyu suna da wurin tara ƙura fiye da ɗaya. A sa raga a mashigar iska, a ɗauke akwatin daga ƙasa, a riƙa hure faifayen da bulowa bayan an kashe wuta, ana riƙe da fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.

Kafin ka biya kuɗi, ka duba tsayin masanyayin da akwatinka yake ɗauka, domin milimita 10 da ke tsakanin Thermalright da Noctua su ne kan hana murfin gefe rufuwa a ƙananan akwatuna. Ka kuma tabbatar akwai maƙalin soket LGA1700, wato na furosesarka, a cikin kwalin, tunda tsofaffin kaya da suka daɗe a shago ba lallai su zo da shi ba. Wajen ɗaurawa, a cire ledar da ke manne a ƙasan masanyayin, a ɗiga man miƙa zafi da ya zo da shi kaɗan a tsakiyar furosesa, a ɗaure kusoshin bi da bi. Daga nan ka shiga BIOS, wato shafin saituna da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka saita fankokin su tsaya a ƙaramin gudu har zafi ya kai digiri 65 ko 70, sannan su riƙa ƙaruwa a hankali. Wannan furosesa sai ta kai digiri 100 take rage ƙarfinta da kanta, don haka akwai sarari mai yawa, kuma lokacin naɗar murya da wuya ta kusanci inda fankokin za su tashi.