K361, M40x ko Sony 7506, wanne zaka iya yawo dashi a hanya?

Malam naga tambayarka, kace kana son hedfon mai rufaffen baya, wato wanda bayan kofin kunnensa a toshe yake iska bata ratsawa, da zaka riƙa sawa a hanya, Kano zuwa Kaduna kusan duk sati a mota, wani lokacin jirgin ƙasa zuwa Abuja, kuɗinka kuma bai wuce dala 100 ba, sannan sunaye uku aka baka wato Audio-Technica M40x da Sony MDR-7506 da AKG K361. To in nine K361 zan ɗauka, amma tsaya kaji dalili tukunna, domin akwai halin da zance maka a'a M40x ya fi dacewa dakai, akwai ma halin da zance ka bar ukun gaba ɗaya.

Da farko kayi daidai da kace rufaffen baya. Mai buɗaɗɗen baya iska ke ratsa shi, sautinsa yana da faɗi da daɗi in kana ɗaki kai kaɗai, amma a cikin mota duk abinda kake ji na kusa dakai shima yana ji, kai kuma hayaniyar tasha duk tana shigo maka. Ko Koss Porta Pro da ake ta yabo tun 1984 saboda arha da rashin nauyi, buɗaɗɗe ne, kada wani ya haɗa maka shi cikin lissafi.

Abinda mutane ke mantawa shine waɗannan ukun duk hedfon ne na aikin situdiyo. Shi yasa ni kafin in kalli sauti kebul nake fara kalla, kuma wlh a nan aka fi shan wahala. Sony 7506 kebul ɗinsa irin mai murɗewa ne kamar na wayar tarho ta da, in ka ja shi yana kai mita 3, yana da nauyi, kuma a manne yake baya cirewa. A teburin aiki babu kamarsa domin kana iya tashi ka ɗauko abu ba tare da ka cire ba, amma ka kwatanta kana kujerar baya an matse ku, waya na aljihun gaba, wannan dunƙulen kebul yana lilo a cinyarka yana jan kanka ɓangare ɗaya, in ya maƙale a hannun ƙofa kuma ya tsinke sai dai ka nemi mai gyara ya buɗe ya yi solda. M40x ya fi shi a nan domin nasa yana cirewa, kana murɗawa ya kulle, sai dai guda biyun da ke zuwa a kwali duk dogaye ne, ɗaya miƙaƙƙe mita 3, ɗaya mai murɗewa daga mita 1.2 zuwa 3, kaga sai ka sake neman gajere daban, kuma bakinsa 2.5mm ne mai makulli, ba kowane kebul na kasuwa ke shiga ba. K361 kuwa a cikin kwalinsa akwai gajere mita 1.2 da dogo mita 3, gajeren shine daidai daga kunne zuwa aljihu. Wannan kaɗai ya ba shi maki babba a wurina.

Wajen nauyi basu da nisa sosai, K361 giram 219, Sony kamar 230 banda kebul, M40x 240. Dukkansu suna naɗewa su shiga jaka. Inda suka bambanta shine yadda suke zama a kai. M40x yana matse kai sosai musamman yana sabo, soson kunnensa kuma bashi da zurfi, in kunnenka yana da ɗan girma zakaji yana taɓa ciki, bayan awa biyu sai ka fara ɗaga shi kana hutawa. Sony shima sosonsa siriri ne, rabi a kan kunne rabi kewaye dashi, amma baya matsewa kamar wancan. K361 sosonsa dogo ne mai siffar ƙwai, mai laushi, kunne yana shigewa ciki gaba ɗaya, tafiyar awa uku ko huɗu shi ne zaka manta yana kanka.

Amma ga inda zan ja hankalinka, kuma dan Allah kar ka tsallake wannan. Laushin nan na K361 yana da nasa illa. Bes ɗinsa, wato sautin ƙasa mai kauri irin dukan ganga, ya dogara ne da soson ya manne da fatarka ba tare da iska na fita ba, in kana sa gilashi mai kaurin hannu, ko hularka ta sauko har kan kunne, ko mace ce ta ɗora a kan ɗankwali ko hijabi mai kauri, ƙofa ta buɗe kenan, sai kaji bes ya zube sauti ya zama fayau. M40x saboda matsewarsa bai cika damuwa da wannan ba. Don haka in kai mai gilashi ne ka gwada da gilashin a fuskarka, kar ka cire don zaka gwada, yadda zaka yi amfani dashi a hanya haka zaka gwada shi.

Sauti kuma, kowanne da halinsa. Sony 7506 tun 1991 yake kasuwa kuma har yau zaka ganshi a kan masu ɗaukar sauti a gidajen rediyo da wajen ɗaukar fim, dalili shine yana fito da murya tar, duk wani shiiii ko ƙaramar ƙara a rikodin sai ya tona ta. Ga mai aiki wannan ni'ima ce. Ga mai sauraro don jin daɗi kuma yana iya gajiyar da kunne, musamman irin fayilolin da muke turawa juna a WhatsApp da an matse su sun rasa inganci, wa'azin da aka ɗauka da waya a masallaci mai lasifika, zakaji harafin sin da shin suna sukar kunne. In sauraronka karatun Alƙur'ani ne mai tsaftataccen rikodin ko labarai, murya a Sony tana fita kamar mutum na gabanka, wannan ba zan ƙwace masa ba. M40x yana da ɗan ƙarin duka a bes da ɗan ƙyalli a sama, kiɗa mai ganga yana tashi da kyau a cikinsa, sai dai sautin a matse yake kamar duk a tsakiyar kanka ake yi. K361 lasifikarsa 50mm ce, sauran biyun 40mm, amma ba girman ne ya sa nake sonsa ba, yadda aka daidaita shi ne. AKG yana ƙarƙashin kamfanin kayan sauti na Harman, su kuma Harman sun daɗe suna gwaji da masu sauraro don gano irin daidaiton sautin da yawancin kunnuwa suka fi so, a kan wannan aka gina K371 da ƙaninsa K361 da suka fito a 2019. Bes yana sauka ƙasa sosai ba tare da ya danne murya ba, saman kuma baya suka. Kana iya tashi daga karatu ka koma fodkas ka koma waƙa baka taɓa ikwalaiza ba, wato wurin ƙara ko rage bes da sauran sauti.

Maganar ko wayarka zata iya tura su, kar ta dame ka. Om shine ma'aunin tirjiyar da hedfon ke yi wa wutar da ke shiga cikinsa, K361 om 32 ne, M40x 35, Sony 63 amma baya buƙatar wuta da yawa, duk waya mai ramin iyafis zata ɗauke su, kuma Tecno da Infinix da itel da yawansu har yanzu suna da ramin. In taka bata dashi, irin iPhone tun daga 7 ko manyan Samsung na yanzu, ɗan adafta zaka saya, na Apple dala 9 ne kuma yana aiki lafiya. Inda ake faɗawa rami shine Beyerdynamic DT 770 Pro, nasan wani zai kawo maka shi, hedfon ne mai kyau ƙwarai amma kala uku ne, om 32 da 80 da 250, in ka ɗauko na 250 ka sa a waya sauti zai yi ƙasa, sannan baya naɗewa kuma ya wuce kuɗinka.

Yanzu ƙarko. Nan ne K361 yake sauka ƙasa, gaskiya ɗaya ce. Roba ce mafi yawansa, mahaɗin da yake naɗewa kuma shine wurin da masu amfani dashi suka fi kuka, ba hedfon bane da zaka cusa a jaka ƙarƙashin laftop da caja ka zauna a kai. Sony shine dattijo a nan, akwai ƙarfe a jikinsa, sukurori ne ke riƙe dashi, ana buɗewa a gyara, mutane suna shekara goma da abinsu soso kawai suke canzawa. M40x a tsakiya yake amma a hannu zakaji ya fi K361 tauri. To in kasan kai ba mai lallaɓa kaya bane, ko yara na ɗauka a gida, M40x da gajeren kebul shine shawarata, ka haƙura da matsewar, yana saki kaɗan in ya kwana biyu. In kuma zaka iya sayen ƴar jaka mai tauri ka riƙa sa shi ciki, K361.

Soso kuma duk ukun fatar roba ce, kuma fatar roba da zufa basa shiri. A zafin Maris zuwa Mayu minti talatin ya isa kunnenka ya jiƙe, a hankali fatar ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a wuya da kwalar riga. Ka riƙa gogewa da ɗan ƙyalle bayan ka cire, kar ka barshi a mota cikin rana, kuma ka sa a ranka cewa soso abin canzawa ne kamar taya. Na Sony da na M40x sun fi sauƙin samu domin kamfanoni da yawa suna yinsu, har girmansu ya kusa zama ɗaya. Akwai na yadi mai laushi da baya sa zufa sosai, amma yana rage bes yana kuma barin hayaniya ta shigo, a hanya ban cika so ba.

Sai halin da nace ka bar ukun. Rufaffen baya yana tare ƙara mai tsini, surutun mutane, hon, kukan yara, amma gurnanin inji da na taya a kan kwalta yana ratsa roba ya shigo, babu ɗaya cikin ukun nan da zai kashe shi. In wannan gurnanin ne yake damunka to mai kashe hayaniya da batir kake nema, irin Soundcore Q30 na Anker da ke wajen dala 80, bulutut ne, cajinsa na kai awa 40 ko da kashe hayaniyar na aiki, yana da makirfo, kuma yana karɓar kebul in caji ya ƙare. Sautinsa bai kai na K361 tsafta ba, bes ya yi yawa sai ka rage a manhajarsa, batir kuma yana tsufa, amma a jirgin ƙasa zakaji bambanci nan take. Ka lura ma ukun can babu mai makirfo a cikinsu, in kira ya shigo sai ka ɗaga wayar zuwa bakinka.

Abinda yasa na damu da wannan shine kunne. In hayaniya na shigowa hannunka da kansa yake ƙara boliyom baka sani ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinda babba zai iya ɗauka lafiya shine desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a sati, kana ƙarawa lokacin yana raguwa da sauri. Jin da ya lalace ta wannan hanyar baya dawowa. In ka sauka daga mota kaji kunnenka na ƙara wiiii to ka wuce gona da iri, ka rage. Kuma dan Allah in zaka tsallaka titi ko kana kan mashin ka sauke shi wuya.

Kuɗi na faɗa da dala ne saboda naira bata zama wuri ɗaya, ukun duk suna yawo a wajen dala 100, K361 wani lokacin ya ɗan haura. In kuɗin bai kai ba akwai Audio-Technica M20x a wajen dala 50 amma baya naɗewa kuma kebul ɗinsa mita 3 ne a manne, don hanya bai yi ba. In ka samu ƙari kuma K371 ya fi ƙaninsa kayan jiki da cikar bes.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman na Sony 7506 da jerin M na Audio-Technica, kwali da tambari duk iri ɗaya. Ni kaina na taɓa saye a wani shago da rabin kuɗi ina murna, sati uku kunne ɗaya ya mutu, da aka buɗe lasifikar ciki ƴar ƙarama ce irin ta rediyon yara. Ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zaka je ko Banex a Abuja ko wani zai taho maka dashi daga waje, ka tafi da wayarka da abinda ka saba ji, ka sa a kai minti goma cikakku, ka juya kai hagu da dama kaji ko bes na ɓacewa, ka motsa kebul a bakinsa kaji ko yana katsewa, sannan ku yi magana da mai shago a kan kwana nawa zaka iya dawo dashi kafin ka miƙa kuɗi.