Gwajin share fage a Khan Academy ya nuna mini inda nake da rauni

Shekara goma sha huɗu rabona da lissafin sakandare. Da 'yata ta shiga ajin ƙarshe, jarrabawar WAEC na tafe, ta kawo mini tambayar aljabara wata rana bayan isha'i, na kasa warware mata. Abin ya dame ni ƙwarai. Washegari na buɗe shafin Khan Academy a wayata, shafin nan na kyauta da Sal Khan ya kafa a Amurka a 2008, na zaɓi kwas ɗin Algebra 1.

Niyyata in fara daga darasi na farko in bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga wani gwaji da suke kira Course challenge, mai tambayoyi kusan 30 da aka tsinto daga kowane sashe na kwas ɗin, kuma ana iya yinsa tun kafin a kalli ko bidiyo guda. Na ɗauko takarda da biro na zauna.

Sakamakon ya ba ni mamaki. A raina, manyan lissafai irin su kwadiratik ne suka ɓace mini. Ashe matsalar tana can ƙasa: lambobin da ke ƙasa da sifili, da yadda ake tarawa da raba lambobi irin su rabi da kwata da sulusi. Nan nake ɓata hanya a tsakiyar aiki, amsar ta fito karkatacciya ko da na san matakan. Da na bi kwas ɗin daga farko da sauri, da na tsallake waɗannan ina ganin na san su, in je in ɓata dare kan abin da ba shi ne ciwon ba. Shafin ya ɗaga matsayina a sassan da na ci, ya bar sauran, sai na san inda zan zuba data da lokacina. Ga wanda ke sayen data da kuɗin cefane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani amfani da ban zata ba. Tambayoyin da na faɗi sun zauna mini a rai. Da na zo bidiyon da ya bayyana su, kunnena a buɗe yake, domin na riga na yi kokawa da su. Daga baya na ji cewa masu bincike kan koyo sun daɗe da lura da haka, wato ƙoƙarin amsa tambaya kafin karatu, ko da an kuskure, yana taimaka wa mutum riƙe darasin.

Abu ɗaya zan ja kunnen mai shirin gwadawa a kai: kada ya yi canki-canki. Na yi hakan a tambayoyi biyu, na dace, sai ya zama kamar na iya abin da ban iya ba, dole na koma na karanta sassan da kaina. Darussan da Turanci suke, saboda haka wanda Turancinsa bai zauna ba zai so wani a kusa da shi.

Yanzu kowace Asabar ni da 'yata muna zama da waya ɗaya. Ita ma na sa ta fara da gwajin, nata raunin ya fito a zanen giraf (graph), wato zanen layi da ke nuna alaƙar lambobi.