Fasasshen dutse ko tsakuwar gulbi?

Alhaji tunda ka ce manyan motoci za su riƙa shiga filin shagon naka da kaya, kuma kana tambaya wane dutse za a haɗa da kwaltar da za ka zuba, sayi fasasshen dutse kawai, kada ka tsaya wani lissahi.

Da shi muka zuba kwalta gaban ma'ajiyar hatsinmu kan hanyar Ɗan Issa, tireloli ɗauke da buhunan gero da wake suna shiga suna juyawa a kanta, damina ta zo ta wuce ta sake zowa har yau babu tsaga. Ranar aikin mai kula da shi ya hana a juye ko tifa guda sai da aka wanke dutsen ya bushe, ya sa aka haɗa da farar ƙasa, wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin dutsen. Ya ce irin wanga dutse ya fi son ruwa bisa ga kwalta, farar ƙasar ita ka sa su riƙe juna. Allah ya saka mai da alheri.

Abin da ke faruwa shi ne duk taya da ta taka, shimfiɗar tana ɗan lanƙwasawa, ƙasanta ya ja, to in kwalta ba ta kama dutsen da kyau ba daga nan ƙasa tsagar ke farawa ba ka gani, tana hawowa sannu sannu sai wata rana ka iske saman ya yi zane zane kamar fatar kada, ruwan watan Agusta ya shiga ya ida saɓule kwaltar, sai ramu. Fasasshe yana da kaifi da kaushi, kwalta ta samu wurin kamawa, duwatsun kuma su cije juna.

Ta gulbi dai tana da araha, iyakar abin da zan ce kenan. Sulɓi gare ta, ga laka.

Sannan ka yi hattara da masu kawo kaya, wasu fasasshe suke shimfiɗawa sama, ƙasan tifar duk tsakuwar gulbi ce da ƙasa, a juye gabanka kafin ka ba da kuɗɗi. Kwaltar ma akwai masu surka ta da baƙin man mota. Kafin a fara, a haɗa ma dutsen da kwaltar kaɗan ka jefa cikin tafasasshen ruwa minti 10, in ka ga dutsen ya fito fari kwalta na yawo saman ruwa, maida masu kayansu.